Birjil (70–19 K.M.): Rayuwar Mawaƙin da Ya Nemi a Ƙona Waƙarsa

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin rayuwar Birjil, mawaƙin Rumawa wanda ya tsara doguwar waƙar jarumta mai suna Aeneid, tun daga tasowarsa a arewacin Italiya har zuwa rasuwarsa. An mayar da hankali a kan yadda yaƙin basasa da kusancinsa da fadar Agustus suka shafi yadda ya sarrafa hikayoyin alloli da tarihihin kafuwar birnin Rum, da kuma saɓanin da ƙarshen waƙar ya haifar a tsakanin manazarta.

Gabatarwa

A watan Satumba na shekara ta 19 kafin Miladiyya (K.M.), wani jirgin ruwa da ya taso daga ƙasar Girka ya sauke majinyaci a tashar Brundisium, garin da a yau ake kira Brindisi, a kudu maso gabashin Italiya. Zazzaɓi ne ya kama shi a garin Megara, tafiyar teku kuma ta ƙara tsananta shi. Da ya ga ciwon ba na tashi ba ne, sai ya dinga neman a miƙo masa akwatunan da rubuce-rubucensa suke ciki domin ya cinna musu wuta, amma babu wanda ya yarda ya miƙo. Ya rasu ranar 21 ga watan, saura kwana 24 ya cika shekara 51. Majinyacin shi ne Publius Vergilius Maro, wanda aka fi sani da Birjil, abin da ya so ƙonawa kuwa ita ce Aeneid, waƙar da ya shafe shekara 11 yana tsarawa. Umarnin Sarki Agustus ne ya ceci waƙar, wato shi wanda ake ganin dominsa aka yi ta.

Mafi yawan abin da ake bayarwa na rayuwar Birjil ya fito ne daga tarihinsa da malamin nahawu Aelius Donatus ya rubuta a ƙarni na 4 Miladiyya, shi ma ya dogara ne da aikin Suetonius na farkon ƙarni na 2. Marubuta tarihin wancan zamani suna da ɗabi'ar tsamo rayuwar mawaƙi daga cikin waƙoƙinsa, don haka ake bambanta abin da tarihin ƙasa ya tabbatar da abin da ruwaya ce kawai ta kawo.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Birjil ranar 15 ga Oktoba, shekara ta 70 K.M., a ƙauyen Andes kusa da Mantua. Ruwayar Donatus ta ce mahaifinsa ba ɗan babban gida ba ne, ya tara abin hannunsa ne ta hanyar sayen dazuzzuka da kiwon zuma. Yankin da aka haife shi, arewa da kogin Po, bai sami cikakken 'yancin zama ɗan ƙasar Rum ba sai a shekara ta 49 K.M., a hannun Yuliyus Kaisar. Ke nan mutumin da zai tsara wa Rumawa labarin asalinsu ɗan ƙauye ne daga gefen ƙasa. Ba shi ne farau ba: Livius Andronicus, wanda ya mayar da Odyssey ta Homa zuwa Latinanci, mutumin Tarentum ne, Ennius kuwa, mai waƙar Annales, daga Rudiae ya fito.

Ya yi karatu a Cremona da Milan, sannan ya wuce Rum domin koyon balaga, wadda ita ce ƙofar shiga aikin lauya da siyasa. Ƙofar ba ta buɗe masa ba. An ce sau ɗaya tak ya taɓa tsayawa gaban alƙalai, domin mutum ne mai nauyin baki da kunya. An siffanta shi da cewa dogo ne, mai duhun fata, mai kamar baƙauye, kuma mai yawan fama da ciwon ciki da maƙogwaro da ciwon kai. Daga Rum ya koma yankin Nafoli, ya zauna gaban wani malami mai suna Siro, mabiyin falsafar Epicurus. Wannan falsafa tana koyar da ƙaurace wa siyasa, tana kuma cewa alloli ba su damu da al'amuran mutane ba. Abin lura ne cewa ɗalibin wannan makaranta shi ne daga baya ya cika waƙarsa da alloli masu tayar da guguwa da haɗa soyayya da hura wutar yaƙi.

Gonakin da aka ƙwace

Ƙuruciyar Birjil ta zo daidai da rugujewar jamhuriyar Rum. An kashe Kaisar a shekara ta 44 K.M., a shekara ta 42 kuma magajinsa Oktabiyan da Markus Antoniyus suka murƙushe waɗanda suka kashe shi a yaƙin Filibi. Sojojin da suka ci yaƙin suna jiran lada, ladan kuwa gona ce. Sai aka shiga ƙwace gonakin manoma a garuruwan Italiya ana raba musu, har abin ya kai Cremona ya tsallaka Mantua.

A cikin wannan hali ya tsara littafinsa na farko, Bucolica, waƙoƙin makiyaya guda 10 da ya ɗora bisa salon Theocritus na Sisiliya. Ta farkon cikinsu zance ne tsakanin makiyaya biyu. Tityrus yana kwance a inuwa yana busa, domin wani saurayi mai iko a Rum ya bar masa gonarsa. Meliboeus kuwa an kore shi, yana kora awakinsa bai san inda ya dosa ba. Masu sharhi na dā sun ɗauka Tityrus shi ne Birjil, suka ce an ƙwace gonar gidansu sannan aka mayar masa ta hanyar manyan abokai. Ko da an karɓi wannan, abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda aka raba waƙar: godiyar wanda aka yi wa alheri tana ciki, amma kalmomin da suka fi taɓa zuciya an ba wa wanda aka kora ne. Wannan rabo shi ne zai bi Birjil har ƙarshen aikinsa.

Waƙa ta huɗu a littafin, wadda ya yi wa Asinius Pollio a shekara ta 40 K.M., tana bushara da haihuwar wani yaro da zai maido da zamanin zinariya. Kiristocin ƙarni na 4 sun fassara ta da cewa Annabi Isa ake nufi, kuma wannan fassara tana cikin abin da ya sa Coci ta riƙe littattafansa hannu bibbiyu.

A inuwar Maecenas

Bucolica ta jawo hankalin Maecenas, attajiri kuma na hannun daman Oktabiyan, wanda ya tara mawaƙa a kusa da shi. Birjil ya shiga wannan da'ira, shi da Varius Rufus ne ma suka gabatar da mawaƙi Horas ga ubangidan. Daga nan talauci ya yi masa sallama. An ce dukiyarsa ta kai kimanin sestertius miliyan 10, yana da gida a tudun Esquiline kusa da lambunan Maecenas, ko da yake ya fi son zama a Nafoli da Sisiliya nesa da hayaniya. An kuma ruwaito cewa Agustus ya taɓa yi masa tayin kadarorin wani da aka kora daga ƙasa, ya ƙi karɓa.

Shekara 7 ya yi yana tsara Georgica, waƙa mai littafi huɗu a kan noman hatsi da dashen itatuwa da kiwon dabbobi da kiwon zuma. Ya kammala ta a shekara ta 29 K.M., ya karanta wa Oktabiyan ita cikin kwana huɗu a garin Atella, Maecenas yana karɓarsa idan muryarsa ta dushe. A ƙarshen waƙar ne ya fara nuna yadda zai yi amfani da hikaya. Aristaeus ya rasa ƙudan zumansa, ya bi umarnin da aka ba shi na yanka da hadaya sau da ƙafa, aka mayar masa da su. A tsakiyar labarinsa sai aka saƙa na Orpheus, mawaƙin da ya shiga lahira domin dawo da matarsa Eurydice, ya karya sharaɗin da aka gindaya masa ya waiwaya, ya sake rasa ta. Mai biyayya ya rabauta, mai ƙauna ya tafka asara, amma masu karatu Orpheus suke tunawa.

Aeneid da sarrafa tarihihi

A shekara ta 31 K.M. Oktabiyan ya karya rundunar ruwan Antoniyus da Kiliyofatra a Actium, a shekara ta 27 aka ba shi laƙabin Agustus. Mai mulki irin wannan yana bukatar waƙa, kuma a farkon littafi na uku na Georgica Birjil ya riga ya yi alkawarin zai waƙe yaƙe-yaƙensa. Hanyar da aka saba a shimfiɗe take. Naevius ya waƙe yaƙin farko da Kartaj, Ennius ya jero tarihin Rum cikin littafi 18. Sai dai yaƙe-yaƙen Agustus na basasa ne, wanda duk zai jero nasarorinsa sai ya ambaci Rumawan da Rumawa suka kashe.

Birjil ya kauce wa wannan ta hanyar ja da baya shekara dubu da ɗoriya. Ya ɗauko Iniyas, jarumin Turoya wanda Homa ya ambata a Iliad cewa an ƙaddara zai tsira daga yaƙin. Marubutan Girka sun daɗe suna danganta shi da Italiya, zuriyar Yuliyus kuma, wadda Agustus ya shiga ta hanyar ɗaukar ɗa, tana da'awar ta fito ne daga Iulus ɗan Iniyas, jikan allahiya Venus. Kaisar ya ma gina wa Venus haikali a shekara ta 46 K.M. a matsayin kakarsu. Da wannan zaɓi, Agustus bai fito a waƙar a matsayin tauraro ba, sai dai a matsayin abin da ake hange. Sau uku aka ɗaga labule aka nuna shi: a jawabin Jufita a littafi na ɗaya, a jerin rayukan da ba a haifa ba da Iniyas ya gani a lahira a littafi na shida, da kuma a jikin garkuwar da Vulcan ya ƙera a littafi na takwas, wadda yaƙin Actium yake tsakiyarta.

Waƙar tana da littafi 12 da ɗango 9,896. Shida na farko yawon teku ne irin na Odyssey, shida na ƙarshe yaƙi ne irin na Iliad. Ba ta da amsa-amo kuma ba a raba ta baiti-baiti ba. Ma'auninta ƙafa shida ne a kowane ɗango, an gina shi bisa nauyin gaɓa, doguwa da gajera, kamar yadda arulin Larabci da rubutacciyar waƙar Hausa suke aiki. Game da hanyar aikinsa, an ce ya fara rubuta labarin da zube, ya kasa shi 12, sannan ya riƙa waƙe duk sashen da ya ga dama, yana sa ɗangogin wucin gadi kafin ya samu na dindindin. Har yau akwai kimanin ɗango 58 da suka tsaya a rabi.

Babu inda ƙarfin halinsa wajen sarrafa tarihihi ya fito kamar a labarin Dido, sarauniyar da ta kafa Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau. Bisa lissafin malaman dā, Turoya ta faɗi a shekara ta 1184 K.M., Kartaj kuwa an kafa ta a 814, tazarar shekara 370 ke nan tsakanin Iniyas da Dido. Tsohuwar ruwaya, wadda Timaeus ya kawo, ta ce sarauniyar ta faɗa wuta ne domin kada wani sarkin yankin ya aure ta dole, saboda riƙon amanar mijinta da ya mutu. A hannun Birjil sai ta zama matar da ta karɓi baƙi da hannu biyu, Venus da Juno suka yi cinikin zuciyarta domin bukatunsu, ta kamu da son Iniyas, shi kuma Jufita ya aiko masa ya tashi ya nufi Italiya. Ya tashi. Ita kuwa ta hau tarin itace ta soka wa kanta takobinsa, bayan ta yi baki cewa gaba ba za ta ƙare ba tsakanin zuriyarta da tasa. Barume mai sauraro ya san me ake nufi: Hannibal, da yaƙe-yaƙe uku, da rushe Kartaj a shekara ta 146 K.M. Ba zai rasa tuna wata sarauniyar Afirka ba kuma, Kiliyofatra, wadda ta kashe kanta a shekara ta 30.

A fuskar siyasa labarin ya yi wa fada daidai, tunda Iniyas ya yi abin da Antoniyus ya kasa, ya bar sarauniya ya bi aikin da aka ɗora masa. Amma an tsara littafi na huɗu ne ta idon Dido, mai karatu yana cikin zuciyarta dare da rana, Iniyas kuwa jawabi ɗaya busasshe ya yi na kare kansa. Da suka sake haɗuwa a lahira shi ne ya yi kuka, ita ta kau da kai ba ta tanka ba. Mawaƙi Obid ya shaida cewa babu sashen da aka fi karantawa kamar wannan. Agustin, ɗan Thagaste a Aljeriya ta yau, ya ba da labarin yadda ya zubar wa Dido hawaye yana ɗan makaranta. Tertullian, ɗan Kartaj, ya ci gaba da kafa misali da tsohuwar Dido mai kamun kai, Macrobius kuma ya yi mamakin yadda ƙagaggen labari ya danne na asali.

Haka abin yake a rabin waƙar na biyu. Iniyas ya sauka a Latium, Sarki Latinus ya yi masa alkawarin 'yarsa Lavinia, Juno ta zuga Turnus, wanda ya riga shi nemanta, yaƙi ya ɓarke tsakanin al'ummomi biyu da aka ƙaddara za su zama ɗaya. Yaƙin basasar da Birjil ya guje wa ya dawo ta bayan gida. Matasa ne suke ta zuba, Pallas da Lausus da Euryalus da Camilla, kuma ba a bambanta ɓangare wajen makokinsu. Siffar da aka fi jingina wa Iniyas ita ce biyayya ga alloli da iyaye da ƙasa, mahaifinsa Anchises kuma ya hore shi a lahira da sassauta wa wanda ya miƙa wuya. A fitowa ta ƙarshe Turnus yana ƙasa da rauni, ya amsa an ci shi, ya roƙi a tausaya wa tsohon mahaifinsa. Iniyas ya fara sanyi, sai idonsa ya faɗa kan ɗamarar Pallas a kafaɗar Turnus, ya fusata ya soke shi. A nan waƙar ta tsaya.

Shekarun ƙarshe

Tun waƙar ba ta kammala ba labarinta ya bazu. Agustus yana fagen yaƙi a Sifen ya riƙa aiko wasiƙu yana neman a aika masa ko da wani yanki ne. Sai daga baya Birjil ya karanta masa littafi na biyu da na huɗu da na shida. An ce da ya zo inda aka yi makokin Marcellus, saurayin da ake sa ran zai gaji mulki amma ya rasu a shekara ta 23 K.M., mahaifiyarsa Oktabiya, 'yar'uwar sarki, ta suma.

A shekara ta 19 ya ƙudura tafiya Girka da Asiya domin ya yi shekara uku yana gyaran waƙar, sannan ya ƙare rayuwarsa a karatun falsafa. A Atina ya haɗu da Agustus yana dawowa daga gabas, ya fasa tafiyar ya biyo shi, a hanyar ne ajali ya cim masa. An binne shi kusa da Nafoli, a bakin hanyar Puteoli. Bai yi aure ba. A wasiyyarsa ya bar wa ɗan'uwansa Valerius Proculus rabin dukiyarsa, Agustus rubu'i, Maecenas kashi ɗaya cikin 12, sauran kuma Varius da Plotius Tucca. Su biyun ya bar wa rubuce-rubucensa bisa sharaɗin kada su fitar da abin da shi da kansa ba zai fitar ba. Agustus ya umarce su da su fitar, suka yi gyara kaɗan suka bar guntayen ɗangogin yadda suke.

Dalilin neman ƙonawar da ruwayoyin dā suka nuna shi ne rashin kammaluwar gyara, kuma wannan ya dace da mutumin da aka ce yakan yi shiftar ɗangogi da yawa da safe, ya wuni yana tacewa har su koma 'yan kaɗan. Fassarar da ke cewa nadamar yi wa mulki hidima ce ta kama shi ta zamani ce, marubuci Hermann Broch ne ya fi yayata ta a ƙagaggen littafinsa na 1945. Ba ta da madogara a tarihi, amma ba daga iska aka ɗauko ta ba, daga jikin waƙar ta fito.

Waƙar a hannun manazarta

Nazarin Birjil ya fara tun yana raye, domin Caecilius Epirota ya sa waƙoƙinsa cikin darussan makarantarsa a Rum. Ba a daɗe ba Aeneid ta ture Annales daga aji, har an sami ɗangoginta rubuce a bangayen Pompeii da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya. Masu suka ma ba su yi barci ba, wasu sun tattara wuraren da suka ce ya sato daga Homa. Wajen shekara ta 400 Servius ya rubuta sharhin da ya bi waƙar ɗango-ɗango, wanda har yau taska ce ta hikayoyi da al'adun addinin Rumawa da suka ɓace. A tsakiyar zamanai mutanen Nafoli sun mayar da shi boka mai tsare birni, wasu suna duba da littafinsa, Dante kuma ya ɗauke shi jagora a tafiyarsa ta lahira. An fara buga ayyukansa a Rum wajen shekarar 1469.

A 1903 Richard Heinze ya fitar da littafinsa a kan dabarun Birjil na tsara waƙar jarumta, wanda ya nuna cewa aron da ya yi daga Homa gini ne na ganganci, ba kwaikwayo ba. Daga nan muhawara ta koma kan jigo. Ɓangare ɗaya yana ganin waƙar nasarar tsari ce a kan hargitsi, kisan Turnus kuma haƙƙi ne da Iniyas ya sauke wa Evander, mahaifin Pallas, wanda ya damƙa masa ɗansa amana. Gwamnatin Mussolini ta ja wannan fahimta har ƙarshenta a bikin cikar mawaƙin shekara 2,000 da haihuwa a 1930. Ɗaya ɓangaren ya yi ƙarfi a Amurka bayan maƙalar Adam Parry ta 1963, wadda ta ce muryoyi biyu ne a waƙar, ta fili mai yabon daula da ta ɓoye mai kukan abin da aka rasa. Raunin ɓangaren farko shi ne ya kasa bayyana dalilin da ya sa aka siffanta Iniyas a ɗangogin ƙarshe da kalmomin fushi da hauka waɗanda a duk tsawon waƙar Juno da Turnus ake jingina wa. Raunin na biyu kuwa shi ne yana so ya mayar da mutumin da ya ga yaƙin basasa da idonsa, ya kuma ci moriyar zaman lafiyar Agustus, ɗan adawar ɓoye. Wanda ya karanta zancen Tityrus da Meliboeus zai ga cewa babu muryar da take ɓoye, tun a waƙarsa ta farko a fili ya ajiye su biyun.

Rashin natsuwa da ƙarshen waƙar ya girmi wannan muhawara da ƙarnoni. A 1428 wani saurayi ɗan Italiya mai suna Maffeo Vegio ya ga bai kamata a tsaya a kan gawa ba, sai ya tsara littafi na 13 mai ɗango kimanin 630. A cikinsa aka yi jana'izar Turnus, aka ƙulla sulhu, aka ɗaura auren Iniyas da Lavinia, daga ƙarshe aka ɗaga jarumin zuwa cikin taurari. Masu ɗab'i na ƙarni na 15 da na 16 sun riƙa liƙa wannan ƙari a bayan littafi na 12, masu karatu da yawa na wancan zamani kuma da shi suka rufe Aeneid.